Shirun da Aka Yanke daga Faifai

Dalar mutanen ta riga ta karkace kafin ƙafar Ghita ta bar ƙasa. Yamna ta gani daga kan akwatin kifin da aka ce ta zauna ta yi kallo, ta buɗe baki za ta ce a tsaya, sai lasifika ta riga ta. Dum. Ita kuwa Ghita, tun tana 'yar shekara tara ƙafafunta ba sa shawara da ita in sun ji wannan bugun. Ta sheƙo daga ƙuryar ɗakin, ta taka gadon bayan mai durƙuso, ta tashi sama ta juya sau ɗaya, ta sauko tana neman kafaɗar da ta saba tararwa. Kafaɗar ta goce.

Mutum bakwai suka zube a kan katifu. Lasifika ba ta san an faɗi ba, ta ci gaba da kiɗan nasara, algaita da goge da tafi, har bugu huɗu, sannan fitilu suka mutu gaba ɗaya kamar yadda aka tsara musu. Tsohon siton kifin nan na bakin tashar jiragen ruwan Tanja ta ƙasar Maroko ya yi duhu, ba abin da ake ji sai nishi da zagi.

"A buɗe ƙofar nan," in ji Yamna.

Wani ya ja ƙofar ƙarfe, hantsi ya shigo da ƙarnin teku. Ta ɗingisa zuwa katifun. Ghita na zaune tana lasar leɓenta da ya fashe. Ubanta Mbarek, ƙanin Yamna, wanda shi ne ginshiƙin dalar, mai ɗaukar mutum biyar a jikinsa kafin 'yarsa ta zo ta zama ta shida a can sama, yana kwance rigingine yana kallon kwanon rufi.

"Wuyanki fa?"

"Yana nan inda Allah ya ajiye shi, Goggo. Haƙorina ne ya gaisa da gwiwar wani."

"Juya shi in gani. Ɗaya gefen."

Si Nawfal, daraktan wasan, ya ƙaraso yana tafa hannu kamar mai korar kaji. Shekara biyu da dawowarsa daga Faransa, shi ya ɗauko 'yan alkafuran nan daga bakin rairayi ya kai su dandamali, kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan. "Ba wanda ya karye? Madalla. A sha ruwa, a sake daga farkon waƙa ta bakwai."

"Faɗuwa ta uku ke nan cikin kwana biyu," Yamna ta ce. "Ranar Alhamis ba katifa, katako ne da shimfiɗa mai kaurin yatsa."

"Amfanin gwaji ke nan, Lalla Yamna. Su saba da faifan."

"Ina shiruna?"

"Wane shiru?"

"Tsakanin hawan na biyar da bugun Ghita. Da shi na buga a situdiyo. Yanzu ina saurare, babu."

"Akwai mana. Bugu biyu cif."

"Ni ban taɓa yin bugu biyu cif ba."

"To ai matsalar ke nan." Ya sassauta murya, irin sassautawar da kowa ke ji. "Jibi da la'asar za mu ƙaddamar da faifan nan gaban 'yan jarida da baƙin Marsiliya ta Faransa, a wuce da shi masana'anta. Da shi za mu yi yawon ƙasashe. Fitilu a ɗaure suke da shi, labule a ɗaure yake da shi. Ke kuwa in kika ɗaga hannu daga bandiri a wurin nan, ba wanda ya san ranar saukowarsa. Bara ƙiftawar ido ne, bana sai mutum ya sha shayi ya dawo. Ba laifinki ba ne, shekaru ne, hannu yakan yi nauyi. Ki huta a gida, muryar bandirinki ta zaga duniya. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

"A gidanmu rawa ke gaba, kiɗa na bin ta a baya."

"Gidanku bai taɓa zuwa Marsiliya ba."

Yamna ta dubi ƙaninta. Mbarek bai ɗauke ido daga kwanon rufi ba. Ta ɗauki bandirinta ta fita.

Abin da Si Nawfal bai sani ba yana ƙasa, shi kuwa kullum daga bayan ɗaki yake tsayawa yana kallon sama. In na biyar ya hau, nauyi yakan rarraba a jikin ginshiƙi, sai ya lalubi tsayuwarsa. Ba halin magana, haƙora a datse, wuya a sandare. Sai ya ɗaga babban yatsan ƙafarsa ta dama. Muddin yatsan nan na sama, mai bandiri ya ɗauke hannu. Yana taɓa ƙasa, a saki bugu ɗaya mai nauyi, wadda za ta hau ta taso. Ghita ba ta ganin yatsan, tana can baya da fitila a idonta, kunnenta kawai take bi. Kuma a sana'ar nan ba a faɗar raunin ginshiƙi da baki, ko a gaban matarsa, don masu hawansa ba su da izinin shakka. Shekara guda ke nan gwiwar Mbarek na cinye shi, yatsan na ƙara daɗewa a sama, Yamna na ƙara jira, ana cewa tsufa ne.

Situdiyon yana saman wani gidan shayi, matakala ashirin da uku, ta tsine wa kowace ɗaya. Si Hatim mai haɗa sauti, sanƙo na sheƙi, yana cin faten wake da man zaitun a gaban kwamfuta. Ya ganta ya goge hannu a wando.

"Lalla Yamna da kanta. Zauna, in aika a kawo shayi."

"Ban zo shan shayi ba. Kaya na bari a nan, na zo ɗauka."

"Wane kaya?"

"Shiruna. Ina ka kai shi?"

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba, ya juyo mata da fuskar kwamfutar. Kiɗanta ne a zane, tuddai da kwari kamar haƙoran zarto. "Ga shi nan. Wuri arba'in da ɗaya na daidaita a faifan nan, kwana tara ina yi. Inda kika yi gaba na ja ki baya, inda kika yi baya na turo ki. Saurari yadda ya zauna, kamar agogo."

"Agogo ya taɓa ɗaukar mutum biyar?"

"Lalla, sunana ne a bayan faifan. Mutum ya saya ya sa a mota, yana tsakiyar jin daɗi sai kiɗa ya ɗauke daƙiƙa tara. Zai ce faifan ya lalace, ya zagi uwata."

"Gara a zagi uwarka da a yi wa 'yar ƙanina salla."

Si Hatim ya ajiye cokali. Ya tashi ya tura ƙofa, ya dawo ya buɗe wani shafi. "Ni ba na zubar da komai. Duk gwajin da na ɗauka yana nan. Duba. Watan uku, daƙiƙa uku. Watan shida, biyar. Watan tara, tara. Si Nawfal ya ce hannunki ne. Ni kuwa shekara ashirin ina sauraron makaɗa, na san hannun da ya gaji. Mai gajiya ko'ina yake makara. Ke wuri arba'in ɗin nan duk gaba kike yi, kamar mai tseren mota. Wuri ɗaya kawai kike tsayawa." Ya nuna da yatsa. "Wa kike jira?"

Ta dubi zanen. Ba ta taɓa ganin ciwon ƙaninta a rubuce ba.

"Ka gaya masa?"

"Me na sani da zan gaya masa?"

"To mayar da shi yadda yake."

"Wanne daga ciki? Na uku, ko na biyar, ko na tara? In na sa tara, jibi ya zama goma sha ɗaya fa?" Ya buɗe hannuwa. "Faifai ba ya kallo, Lalla. Abin da aka zuba masa shi yake amayarwa. Kuma ba ni da ikon taɓa shi sai da sa hannun darakta. Ki je ki gaya masa abin da kike jira, magana ta ƙare."

"Jibi wa ke kan na'urori?"

"Ni. Sauti da fitilu duka, maɓalli ɗaya zan danna in naɗe hannu."

"Hannun naka dai kada ka naɗe shi da nisa," ta ce, ta kama ƙarfen matakala.

Da la'asar ta same su a bakin teku, can gefen da masu yawon shaƙatawa ba sa zuwa. Iskar gabas na watsa rairayi a ido. Mbarek ya naɗe wando yana tsaye cikin ruwa zuwa cinya, wai yana kallon jiragen da ke tsallakawa. Ghita na kan dutse da gasasshen kifi a takarda, tana ci da gefen bakin da bai fashe ba.

"Fito," in ji Yamna.

"Ina jin daɗin ruwan, Yaya."

"Ruwan sanyi ba ya gyara gwiwa. Fito in ga girmanta."

Bai fito ba. "Zan yi shi a bugu biyu. Yau saura kaɗan."

"Saura kaɗan ne ya ba ni wannan ɗingishin. Ka manta wa ya ɗauke ni daga ƙasa ranar da na faɗo daga saman dala? Kai ne, kana kuka da majina."

"A gaban yarinya, Yaya."

"Yarinyar ce za ta faɗo, ai gara a gabanta. Ka je ka gaya wa ɗan Faransan nan gaskiya, ko ka ba ni izini in faɗa."

Ya juyo, ruwa na dukan cinyarsa. "In ya ji, kafin magariba ya kawo wani ƙato daga gidan ɗaga ƙarfe ya tsayar a wurina. Shekara talatin da ɗaya ina ƙasa, Yaya. Ni aka taka aka ga duniya. Yanzu da za a je inda ake tafa wa mutum a zaune cikin kujerun alfarma, sai a ce in tsaya a tasha ina ɗaga hannu? Ban ba ki izini ba."

"Ni da aka ce in tsaya a tashar fa?"

Ya mayar da ido kan jiragen. Ta juya wajen Ghita. "Ke kuma, jibi in kika ji bugun nan na ƙarya, ki tsaya."

Ghita ta tofar da ƙaya. "Ke kika koya mini, Goggo. Kika ce mai hawa in ta fara tunani a tsakiyar gudu, a tanadi likkafani. Ko na ce zan tsaya, ƙafafun nan ba nawa ba ne a lokacin. Kuma in na makara da bugu huɗu fitila ta mutu, in tashi sama cikin duhu?"

"To kada ki fito sam."

"In bar Baba tsaye da mutum biyar gaban 'yan jarida, ba kowa a sama? Gara leɓe na biyu."

"Gidan taurin kai," in ji Yamna. "Allah ya ji ƙan wanda ya haife mu, shi ya ja mana."

Ta karɓe sauran kifin daga hannun Ghita ta cinye a tsaye, ta tafi.

Ranar Alhamis ta sa doguwar rigarta mai ruwan toka, wadda take zuwa biki da ita, ta zura bandiri cikin jakar da take sayo burodi. Mai tsaron ƙofar gidan wasan ya leƙa jakar ya dube ta.

"An ce yau ba kiɗan hannu, Lalla."

"Tsohuwa ce da abin fifita. Matsa."

An lulluɓe tagogi, ɗakin ya cika. 'Yan jarida a layin gaba, baƙin Marsiliya uku da tabarau a ka, a bakin ƙofa tebur da hoton bangon faifan. Si Nawfal ya hau da farar riga ya yi jawabi cikin harshe biyu. Ya ce wannan faifai numfashin Tanja ne. Ya nuna Yamna inda take zaune a ƙarshen layi kusa da matakalar dandamali, ya ce ga uwar kiɗan nan, a tafa mata. Aka tafa. Ta gyaɗa kai kamar an gaishe ta a kasuwa.

Waƙa shida suka wuce lafiya. Alkafura, tafiya da hannu, jifa da cafewa, duk abin da mutum ke yi da jikinsa shi kaɗai yana iya bin agogo. Aka shiga ta bakwai. Mbarek ya fito tsakiya ya kafa ƙafafu. Na farko ya hau cinyar dama, na biyu ta hagu. Na uku da na huɗu suka rataya a kafaɗu. Can ƙuryar dandamali Ghita ta sunkuya, yatsunta a ƙasa, mai durƙuso ya gyara bayansa.

Yamna ta miƙe. Matakala huɗu ce, ta hau su da ɗingishinta ba gaggawa, jakar burodi a hannu. Na biyar na taka kafaɗar Mbarek, ita tana tsallaka dandamali a gaban idon kowa. Ta isa daidai kan layin da Ghita za ta bi da gudu, tsakaninta da mai durƙuso, ta zauna daɓas, ta ba ta baya.

Yatsan Mbarek na sama. Yana rawa.

Dum, in ji lasifika.

Ghita ta taso, taki biyu, ta tarar da bayan goggonta kamar bango. Ta ci birki har ta dafa kafaɗunta. Kiɗan nasara ya ɓarke a kan dalar da ba kowa a samanta, algaita da goge da tafin da aka naɗa a situdiyo, bugu huɗu, fitilu suka mutu.

Duhu, da mutum biyar a jikin mutum ɗaya. Wata mata ta ja numfashi. Aka ji takun Si Nawfal yana laluben hanya.

"Si Hatim," Yamna ta ce, ba ta ɗaga murya sosai ba. "Kunna mana wuta."

Wuta ba ta zo ba. Ta ji haƙoran ƙaninta na ƙara.

"Ko ta masu shara ce, kunna."

Fitilar masu shara ce kuwa ta kama, fara fat, marar kunya, ta nuna igiyoyi da ƙurar labule da gumin da ke zuba daga haɓar Mbarek. Si Nawfal ya tsaya cak a gindin matakala, don ya ga abin da kowa ya gani, in ya hau ya taɓa wani abu dalar za ta zube.

Yamna ta ja jiki gefe da gindi, ta zaro bandiri, ta ɗora a gwiwa, ta ɗaga hannun dama sama. "Koma wurinki," ta ce wa Ghita ba tare da ta waiwaya ba. Idonta na kan ƙafa ɗaya.

Ba wanda ya yi tari. Ana jin katako na kuka a ƙarƙashin Mbarek, ana jin numfashin mutum shida yana neman ya zama ɗaya. Ya matsa diddigen hagu kamar faɗin tsinke. Ya sake matsawa. Na biyar a can sama ya buɗe hannuwa, ya daina lilo. Wani ɗan jarida ya bi idon tsohuwar ya sauke kyamararsa ƙasa, sai na kusa da shi ma ya duba, har layin gaba duka suka koma kallon babban yatsan ƙafar wani mutum.

Yatsan ya sauko a hankali, ya kwanta a katako.

Dum.

Ghita ta wuce ta gefenta kamar iska, ta taka, ta tashi, ta juya, ta dira a kafaɗun na biyar, ta miƙe tsaye. Kafaɗar na nan inda ta bar ta. Yamna ta saki hannu biyu a kan fata, ita kaɗai ba algaita ba goge, ɗakin ya tashi tsaye.

Da aka sauko, Mbarek ya rusuna wa jama'a sau ɗaya, ya taka zuwa bayan labule da ƙafafunsa, can ya zauna a ƙasa. Si Nawfal kuwa 'yan jarida sun riga sun kewaye shi. Wata mai gajeren gashi daga cikin baƙin Marsiliya ta riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Wannan tsayawar," ta ce ta bakin tafinta, "na manta da numfashi. Tana cikin faifan ko?"

Si Nawfal ya buɗe baki. Daga bayan ɗaki Si Hatim ya riga shi. "Makirfo shida a buɗe suke tun farko. Daƙiƙa goma sha uku, har da kukan katako. A ba ni zuwa gobe da azahar."

"Kun ji," in ji Si Nawfal, da murmushin da bai kai ido ba. "Gobe da azahar."

Ya same su a bayan labule bayan an watse. Ya tsaya a kan Yamna tana mayar da bandiri cikin jaka.

"Kin san a wata ƙasar abin da kika yi kotu ake zuwa?"

"A wata ƙasar ma ana binne mutane."

"Kin kunyata ni gaban baƙina."

"Sun tafa maka. Na ji da kunnena, tsufa bai kai can ba tukuna."

"Si Nawfal." Mbarek ne, daga ƙasa. Ya ja ƙafar wandonsa sama. Gwiwar ta yi kamar kankana, jijiyoyi sun fito shuɗi. Ghita ta kau da kai, sauran 'yan wasan suka shiga neman takalmansu. "Hannun Yayata lafiyarsa lau. Ni take jira. Shekara guda ke nan kana zaginta a madadina, ina ji ina shiru."

Si Nawfal ya daɗe yana kallon gwiwar. "Shekara guda. Kuna ɗora mutum shida a kan wannan, ba wanda ya ce mini uffan?"

"Ba a faɗa," in ji Yamna.

"Yau an faɗa." Ya shafa fuska. "Gobe da safe likita, Mbarek, ni zan kai ka da motata. Abin da ya ce shi za a yi, ba ni ba kai. In ya ce ka sauka, ka sauka ka koya wa wani tsayuwa."

"In ya ce in tsaya fa?"

"Sai ka tsaya."

"Ko wa ka kawo ya tsaya a wurin nan," Yamna ta ce, "ko ɗan shekara ashirin ne mai wuyan bijimi, akwai ranar da zai kwana da mura, akwai ranar da zai yi faɗa da matarsa. Yatsa zai ɗaga. Faifanka ka sayar wa masu mota, su ji daɗi. A dandamali sai mai ido."

"Fasfonki na da rai?"

"Ya fi ka lafiya."

"Kawo shi ofis. Kuma wannan jakar burodin ba za ta shiga jirgi da mu ba."

"Da ita za ni."

Ya ɗaga hannu ya juya zai fita, sai ya ja da baya, don akwai mutum a bakin ƙofar baya. Dogon tsoho ne, baƙi siriri, da farar riga mai hula da ƙurar doguwar tafiya a gefenta. Mai tsaron ƙofa na bayansa yana ba da haƙuri da ido, alamar ya hana an ƙi hanuwa. Tsohon ya tuɓe takalmansa a bakin labule kamar mai shiga masallaci. Ƙafafunsa faffaɗa ne, yatsu a baje, ƙafafun wanda ya yi shekaru ana hawansa. Mbarek na ganinsu ya yi yunƙurin tashi.

"Zauna, ɗana, na ga gwiwar." Karin harshensa na mutanen kudu ne, can bayan duwatsu. Bai dubi darakta ba. Ya zaro takardar sanarwar faifan daga aljihu, a ninke huɗu, ya miƙa ta saitin Yamna. "Kwana biyu ina cikin mota saboda wannan. Ke ce kika buga waƙa ta bakwai?"

"Ni ce."

"Da kyau kika buga. Wa ya ba ki izinin sa shi a kasuwa?"

"Malam, in maganar faifai ce, ni ne..." in ji Si Nawfal.

"Ban zo wurinka ba tukuna." Tsohon ya nemi akwati ya zauna, ya jingine sandarsa a gwiwa. "Kiɗan nan gadon mutanenmu ne na kudu, yana da masu shi, kuma sun aiko ni. Mutum goma sha biyu na waje suna jiran abin da za ki ce."

Yamna ta dube shi, ta dubi ƙofar. Ta sake zaro bandirin daga jaka ta ɗora a cinya.

"Ghita," ta ce, "leƙa ki ce su shigo. A kawo shayi."